Rabin Hantata

6 ga Fabrairu

Maigidana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgi. Yaya teku, yaya zafin ɗakin injin? Yaya gwiwar nan taka da ke maka ciwo in ka daɗe a tsaye? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarka. Babba ta zo ta uku a ajinsu, tana ta kumbura baki wai ta biyu aka zalunce ta. Auta kuwa haƙorinta na gaba ya faɗi, yanzu in ta ce "sannu" sai iska ta riga maganar fita.

Na san sai kun tsaya a tasha ake miƙa muku wasiƙu, don haka kafin ka karanta wannan an yi mako uku ko fiye. Ka zauna tukuna kafin ka ci gaba.

Yaya na asibiti.

Ranar Litinin da hantsi ina cikin fitar da burodi daga tanda, sai ga mai walda ɗin nan da ke jikin shagon Yaya ya shigo mana har ciki, ko sallama bai yi ba. Ya ce in zo. Na bi shi da fulawa a hannuna har gwiwar hannu. Na tarar da Yaya zaune a ƙasa tsakanin gwangwanayen fenti, ya jingina da tsaninsa, idanunsa sun koma kamar gwaiduwar ƙwai. Cikinsa ya kumbura har maɓallan rigarsa sun ƙi haɗuwa. Da ya gan ni sai ya ce, "Wa ya kira mini 'yar sanda?" Ka san shi, ko ana zare masa rai sai ya yi wasa.

A asibiti sun huda gefen cikinsa da allura, suka zuƙo ruwa mai launin fitsari, gora huɗu cur. Ina tsaye ina kallo.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, domin ni da kai mun daɗe da sanin abin da muke kau da kai daga gare shi. Abin nan ne da yake kira "taga". Ƙwayoyin da yake saya a bayan kasuwar fenti, da 'ya'yan zaƙamin da yake dafawa a butar shayinsa. Kullum cewa yake ba maye yake yi ba, taga yake buɗewa ya leƙa, ya ga launukan da mu masu ido biyu ba ma gani. Mu kuma muka yi shiru, tunda ba ya zagin kowa, ba ya faɗuwa a kwata, kuma duk allon shagon da ya zana sai mutane sun tsaya kallo. Shekara goma sha huɗu ke nan, da bakinsa ya faɗa wa likita.

Likitar mace ce, gajera, ba ta dariya. Yaya ya riga ya laƙaba mata suna Alƙaliya. Ta ce ƙwayoyin nan ba wanda ya san abin da ake cuɗawa a cikinsu, ko mai sayar da su bai sani ba, ga kuma warin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, da yake shaƙa kullum a shago babu iska. Duk abin da ya shiga jiki, hanta ce ke tace shi. Tasa ta tace har ta ƙone, ta ƙanƙance, ta yi tauri. Magani ba zai dawo da ita ba. Abin da ya rage shi ne dashe.

Ashe, Maigida, mai rai yana iya ba wani hanta. Ana yanko wajen rabi a dasa wa mara lafiya, sauran ta sake tofowa a cikin 'yan watanni, kamar ba a taɓa ta ba. Ban taɓa sani ba. Sharaɗinsu ɗaya ne: sai ya yi wata shida cif bai taɓa komai ba, ana gwada shi, sannan su yarda su yi aikin.

Ga abin da na zaunar da kai dominsa. Na ba da jinina an gwada, an saka ni a injin ɗaukar hoto, an duba ni ciki da bai. Tawa ta dace da shi. Na ce musu su rubuta sunana.

Na san ya kamata in jira ka. Ban jira ba, kuma ba zan ce maka mantawa na yi ba. Da idona biyu na sa hannu.

Ka gaida mai dafa muku abinci, ka ce ya rage maka gishiri. Yara suna gaishe ka.

Taka har kullum,
Maman Auta

20 ga Maris

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina kuma fata kana lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Mu ma lafiya, alhamdu lillahi.

Amsarka ta iso jiya. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na sake karanta ta a zaune. Sau uku ka rubuta "ban yarda ba", na ukun har biro ya huda takarda. Ka ce ba za a tsaga uwar 'ya'yanka ba saboda mutumin da ya ɗauki guba da hannunsa ya zuba wa cikinsa. Ka ce in je in janye sunana kafin takardarka ta huce.

Ban je ba. Ba kuma zan je ba.

Shekara goma sha biyu da aurenmu, ka faɗa mini ranar da ka ce kada in yi abu na yi. Ka ce in bar aikin otal, na bari. Ka ce mu tashi daga unguwar da na saba, na naɗe kayana ban ce uffan ba. Ban raina ka ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma wannan ba irin waɗancan ba ne.

Kai ka san Yaya a matsayin mai fentin da ke magana da bango. Ni na san shi tun ina da shekara tara, ranar da mota ta kashe mana iyaye a lokaci guda. Yana da sha tara, ya samu gurbi a makarantar koyon zane, har ya sayi akwati. Gwaggo ta ce za ta ɗauke ni, amma kowa ya san wanke-wanke zan je yi wa 'ya'yanta. Yaya ya mayar da akwatin, ya karɓi buroshi ya fara shafa wa mutane fenti a gidaje. Shi ya riƙa yi mini kitso, Allah ya gani, kitso mafi muni a duniya, layi ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon sama. 'Yan ajinmu su yi ta dariya, ni kuwa in ce musu sabon yayi ne. Da na fara ganin al'ada, shi ya je kanti yana gumi ya sayo mini audugar mata, ya ajiye a bakin ƙofa ya gudu.

Kuma ka tuna ranar da ka zo neman aurena. Ba ka da aiki, takalminka ɗaya ya buɗe baki. Dangi kaf suka ce a'a. Wa ya ce, "Wannan yana kallonta kamar mutum, ku ba shi"?

Ba na ɓoye maka haɗarin. Na tambayi Alƙaliya, ta ce a cikin masu bayarwa ɗari da ɗari akan samu wanda ba ya tashi. Na kalli Babba da Auta suna cin abinci, na yi wannan tunanin har ƙarshensa, ba a rabi na tsaya ba. Na ji tsoro, har yanzu ina ji. Amma in na bar shi ya mutu alhali abin da zai raya shi yana nan ƙarƙashin haƙarƙarina, matar da za ka dawo ka samu ba ita ce ka bari ba.

Kada ka ɗauka shi ma yana sauƙaƙa mini. An sallame shi, na dawo da shi gidanmu, na kwashe tarkacen ɗakin ajiya na sa masa katifa. Ko ɗigon nadama babu a bakinsa. Ranar da Alƙaliya ke karanta masa sharuɗɗa, ta tambaye shi ko ya gane cewa abin nan ne ya cuce shi. Ya ce, "Likita, ke kin taɓa ganin shuɗi yana numfashi? Ni na gani. Ki ce in bari, zan bari saboda wannan mai taurin kan. Amma kada ki ce in ce ƙarya na gani." Ta ce ita ba ruwanta da abin da ya gani, fitsarinsa take so duk mako biyu. Ya ce ai shi ke nan, a kan fitsari ba za su yi faɗa ba.

Da muka fito ya ce mini ba ya son hantata, wai hantar mai burodi duk yis ce, za ta kumbura masa ciki fiye da haka. Na ce ba tambayarsa nake ba. Ka ga ke nan ba kai kaɗai nake yi wa gardama ba.

Yau kwana arba'in da biyu bai taɓa komai ba. Yana zaune a tsakar gida yana sosa jiki, domin ciwon na sa ƙaiƙayi har ya fitar da jini. Ya ce duniya ta koma masa launin siminti. Na kawo masa takarda da fensir, ya ture su da ƙafa.

Ka yi fushi da ni in dai sai ka yi, amma ka rubuto. Ina sonka kamar yadda ka sani.

Matarka,
Maman Auta

2 ga Yuni

Maigida,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya. Na je ofishin kamfaninku na tambaya, suka ce jirginku ya tsaya a tasha biyu tun bayan wasiƙata, kuma an miƙa maka ita hannu da hannu. To, na gane. Shirunka ma amsa ce, na karɓa. Ni dai zan ci gaba da rubutowa, in ka ga dama ka riƙa goge man inji da takardun.

An sa rana: sha huɗu ga Agusta.

Ka ji abin dariya. Alƙaliya ta ce akwai ɗan kitse a hantata, sai na rage ƙiba kafin aikin. Ta hana ni burodi. Ni da nake wuni a cikinsa! Yanzu ina fitar da shi da zafinsa, ƙamshi na dukan hancina, in haɗiye yawu in ɗauko kokwamba. Abokan aikina sun mayar da ni abin tsokana, sai su zo gabana su tsaga mai zafi a hankali suna lumshe ido. A ƙafa nake zuwa aiki in dawo. Siket ɗin nan da ka sayo mini wanda ya ƙi shiga, yanzu sai da na sa masa fil.

Yaya yana nan yana ƙirga kwanaki a jikin ƙofa da alli. Gwajinsa fes yake fitowa kowane karo. Sai dai jikin na ƙara lalacewa. Hannuwansa sun zama kamar sanduna, cikin kuma duk kwana goma sai an je an zuƙe. Wani lokaci dattin da hantar ta kasa tacewa yakan hau masa kai, ya rikice. Ranar Asabar da rana tsaka ya kira ni, ya nuna mini bakin ƙofar kicin, ya ce ga Mama can tana tsince shinkafa. Na ce ba kowa. Da ya dawo hayyacinsa na ba shi labari, sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Shekara goma sha huɗu ina sayen abin nan, ashe in hanta ta mutu kyauta ake nunawa." Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Akwai wani maganin ruwa mai zaƙi da ake ba shi don kada kan ya rikice, aikinsa shi ne ya sa shi zawo sau uku a rana. Auta ce mai riƙe masa cokali. Ta ce masa in ya sha ba gardama za ta ba shi tauraro, kamar yadda malamarsu ke yi. Yanzu goshin Yaya kullum da tauraron jan biro.

Gwaggo ta zo dubiya, ta zauna nesa da shi kamar ciwon na tsalle. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce, me ya sa nake gaya wa mutane gaskiyar abin da ya same shi, ba sai in ce shawara ce ta yi tsanani ba? Na ce mata shekara goma sha huɗu muna cewa ba komai, ga inda ba komai ta kawo mu.

Ba na roƙonka ka ce na yi daidai. Amma ranar da za a tura ni ɗakin nan, da na so in san kana wani wuri kana mini addu'a, ko da haushina kake ji.

Taka,
Maman Auta

29 ga Yuli

Maigidana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarka ta iso ranar Laraba. Layi biyar kacal, amma na haddace su. Ka ce ka yi ta faɗa da ni a zuciyarka har ka gaji, ka nemi hutu, za ka zo ka tsaya a bakin ƙofar ɗakin tiyata. Allah ya saka maka da alheri. Na sumbaci takardar a gaban yara, Babba ta ce "Mama, kunya dai."

Amma yanzu sai ka koma wurin shugabanka ka ce a ɗaga hutun. Ba za a yi aikin ranar sha huɗu ba. Kuma ni ce sanadi.

Ga yadda aka yi. An ba su Babba aikin zane a makaranta, ta kawo wa kawunta ta ce ya zana mata tsuntsu ta kwaikwaya. Yarinya ce, ba ta san abin da ta taɓa ba. Ya karɓi takardar. Kwana uku yana zaune da ita a cinya. Na leƙa na ga ya ja layi ya goge, ya ja ya goge, har takardar ta huje. Mutumin da ya zana kifayen nan a bangon makarantar firamare, waɗanda har yau direbobi ke rage gudu su kalla, ya kasa zana tsuntsu ɗaya. A rana ta huɗu ya ce zai ɗan taka zuwa bakin titi ya sha iska. Na ji daɗi ma, na ce ƙarfi ya fara zuwa.

Washegari na taso aiki da azahar, yara na islamiyya. Tun daga ƙofa na ji dariyarsa. Na same shi kwance a tsakar gida yana kallon shanyar da na yi, yana gaya wa zanin gado cewa ya daina rawa. Baƙin idonsa ya buɗe ya cinye sauran. Na shiga ɗakinsa. Ya kwashe fensiran kalar Auta ya cika bango guda da tsuntsaye, daga ƙasa har inda hannunsa ya kai. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Na tsaya a gaban bangon cike da haushi, kuma na kasa ɗauke ido. A ƙarƙashin katifa na samu ƙullin leda, saura ƙwaya biyu.

Da abin ya sake shi da yamma na ajiye masa ledar a gabansa. Bai musa ba. Ya ce sau ɗaya ne, so yake ya tabbatar hannunsa bai mutu ba kafin a yanka shi. Ya ce an yi gwaji shekaranjiya, kafin na gaba ya zo abin ya fita daga jikinsa, ba wanda zai sani. Saura kwana goma sha tara. Sai ya kama ƙafata, Maigida. Yaya, wanda ya goya ni, ya kama ƙafata da hannuwan nan nasa, ya ce, "Ki rufa mini asiri, ƙanwata. Ba zan kai wani wata shidan ba, ke ma kin sani."

Na kira Gwaggo don in samu wanda zan yi shawara da shi. Ta ce in haƙa rami in binne maganar, wa ya aike ni.

Kwana biyu ina juya abin. In na yi shiru, za a tsaga ni, a ɗauki rabin abin da 'ya'yana ke rayuwa a kansa, a saka a cikin mutumin da takarda ɗaya ta kayar da shi. Ranar da wata takardar ta gagare shi fa? Na ce zan ba shi hantata, ban ce zan ba masu ƙwayar bayan kasuwa ba. Kuma na gaya maka na kalli haɗarin da idona biyu na yarda. Da sharaɗi na yarda. Ba zan yi wa kaina ƙarya a kan gadon tiyata ba.

Ranar Litinin na kai wa Alƙaliya ledar. Ta dube ta, ta dube ni, ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ƙirga ya koma farko. Sabuwar rana sai ƙarshen Janairu, in jikinsa ya kai.

Tun ranar Yaya bai ce mini ko sannu ba. In na kawo abinci sai ya juya wa bango fuska, sai Auta ta kai masa yake ci. Gwaggo ta kira dangi ɗaya bayan ɗaya. Su da suka ce ni mahaukaciya ce da zan ba shi, su ne yanzu ke cewa ni azzaluma ce da na hana shi. Su yi ta faɗa. Sunana na nan a takardar asibiti, ban janye ba, kuma har yau ban ci burodi ba.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka rubuto ka ce ai ka faɗa mini. Ba ka faɗa mini wannan ba. Ba wanda ya faɗa mini.

Matarka mai ƙaunarka,
Maman Auta

12 ga Nuwamba

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Na san kamfani sun isar maka da saƙon ta rediyon jirgi, don haka ba labari nake ba ka ba. Yadda abin ya faru nake so ka ji daga bakina, kafin ka ji daga bakin wasu.

Wata guda ya yi ba ya mini magana. Ranar da ya fasa, ina yanke masa farce ne, domin ya daina iya sunkuyawa, kuma ko yana fushi ai farce ba ya jira. Sai na ji ya ce daga sama, "Ke tun kina ƙarama munafuka ce. Ke kika gaya wa Baba na fasa madubin mota." Na ce ai kai ka fasa. Ya ce, "Na fasa." Shi ke nan sulhunmu. Daga nan ya goge tsohon ƙirgan da ke jikin ƙofa ya soma sabo. Da kansa ya ce in je shago in zubar da butar shayin nan, in kuma gaya wa mai walda duk wanda ya zo nemansa daga kasuwar fenti a ce masa ya yi ƙaura.

Bai sake taɓawa ba. Wannan ina so ka riƙe shi da kyau, domin za ka ji ana cewa wani abu daban.

Ranar Alhamis da safe ina ɗaura wa Auta takalmi, na ji yana kirana da wata irin murya. Na same shi ya riƙe bokiti, jini yake amarwa, ba kaɗan ba. Alƙaliya ta taɓa gargaɗina cewa jijiyoyin maƙogwaronsa sun kumbura, wata rana suna iya fashewa. Na tura yara gidan maƙwabta, mai tasi na layinmu ya ɗauke mu. A cikin motar kansa na kan cinyata, yana ta ba mai tasi haƙuri a kan kujera. Da muka kusa sai ya ce, "Ki gaya wa Alƙaliya, wata uku da kwana sha ɗaya. Ta rubuta a fayil. Kada ta rage mini ko ɗaya."

Sun yi iya ƙoƙarinsu. Leda shida ta jini suka ƙara masa. Kafin la'asar ya cika, hannunsa na cikin nawa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Na gaya mata saƙonsa. Ta ɗauko fayil ɗin ta rubuta a gabana. Sannan na yi mata tambayar da ke cina: da an yi aikin a watan Agusta, da yana raye? Na ce kada ta lallashe ni. Ta ce mai yiwuwa ne ƙwarai. Ta ce abin da zai yi da sabuwar hantar bayan nan kuwa, ita ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, shi ma da bai sani ba.

Ranar da mutane suka cika gidan nan gaisuwa, Gwaggo ta bari sai da falo ya cika, sannan ta ce, "Da wasu sun iya riƙe bakinsu, da yau ba mu zauna nan ba." Kowa ya sunkuyar da kai. Na ajiye tiren ruwan da ke hannuna. Na ce, "Gwaggo, shekara goma sha huɗu muna riƙe baki, ni da ke da kowa a ɗakin nan. Wata tara yana kwance a gidan nan, ban ga wanda ya zo aka gwada jininsa ba. Wanda ya je asibiti ya miƙa hannu, shi ya tashi ya zage ni, zan tsaya in ji." Ba wanda ya tashi. Ta ɗauki jakarta ta fita. Na san an ce na yi wa babba rashin kunya. Zan je in gaishe ta in kwana ya ja, amma ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Ba zan nemi gafarar kowa a kan abin da na yi ba. Da za a mayar da ni ranar Litinin ɗin nan, ledar na hannuna, ƙofar likita na gabana, zan ƙwanƙwasa. Na faɗa wa dangi haka, na faɗa wa kaina, kuma gaskiya ce.

Amma kai ba dangi ba ne, don haka ga sauran. Tun ranar Alhamis abinci bai zauna mini ba. Ina cikin wanke kofi sai in ji hannuna ya tafi gefen damana ya dafa, in tsaya haka har ruwa ya cika kwano ya zube. Hantar tana nan lafiya lau, cikakkiya, ba ta da amfanin kowa sai ni. A gaban yara ba na kuka, a gaban baƙi ba na sunkuyawa, kuma na gaji, Maigida, na gaji ƙwarai.

In ka zo kada ka ce mini na yi daidai, kada kuma ka ce na yi kuskure. Masu faɗin duka biyun sun ishe ni. Ka sauka a tasha ta gaba, ko sun ba ka hutu ko ba su ba ka ba. Ban taɓa ce maka ka bar aiki ka zo ba, yau na ce.

Yara suna gaishe ka. Allah ya kawo mana kai lafiya.

Matarka,
Maman Auta